Ƙwaron da Rumasa'u Ta Aiko

Ƙarfe ɗaya da kwata na dare waya ta motsa
a ƙarƙashin matashi. Ba wuta tun magariba,
ruwa na dukan kwanon gidan nan na Kabala
kamar yana binsa bashi.
Hoto ne: baƙin ƙwaro a cikin murfin kwalba.
"Baba, wane ne wannan?
Na ɗaga dutse a bayan makarantarmu, ya fito a guje."
Can wajensu rana ba ta faɗi ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi a Samaru
ina soke ƙwari da allura, ina jera su a akwatin katako.
Har yau tsofaffin rigunana kafur suke yi.
Ba ni da digiri. Amma masu digirin
sukan tsaya a bayana su ce, "Malam Tanimu, duba mana."

Na lalubo tabarau, na buɗa hoton da yatsu biyu.
Dangin kam na san su ko a mafarki:
ƙaramin kai, baki a gaba kamar awartaki,
dogayen ƙafafu irin na wanda ya dogara ga gudu
ya bar wa wasu tashi.
Maharbin dare ne,
ɗan'uwan masu cin tsutsar masara a fadamar kogin nan.
Wannan sunan gidansu ke nan. Sunan yanka fa?

Na rubuta: "Ƙirga mini tsagin bayansa.
A tsakanin tsagin akwai ɗigo? Guda nawa?
Kusurwar wuyan na da tsini ko ta lanƙwashe?
Dubi ƙafar gaba, in tafin da faɗi, namiji ne.
Sannan ki sansana yatsanki."
Sai ga muryarta da dariya: "Wari, Baba! Sai ka ce majema!"
Na ce to, ya gaishe ki ke nan.

Akwai wani littafi da aka bar mini a wurin aiki,
na ƙwarin Amurka ta Arewa, ban taɓa bukatarsa ba.
Gara ta karanta shi kafin ni.
Na haska shi da tocila: irinsu sun haura dubu biyu,
da yawa baƙaƙe ne wuluk,
kowane ya ɗauko fuskar maƙwabcinsa.
Kama da wane ba ta wane.
Wasu ma, in ji littafin, baƙi ne a can,
kakanninsu sun ƙetare teku cikin ƙasar da aka loda wa jirage,
suka sauka, suka sami dutse, suka zauna.
Na daɗe a kan wannan shafin.

"Baba, ka yi shiru."
Na ce sunaye biyu nake zargi, ba zan rantse da ko ɗaya ba.
Sai na juya shi a tafina,
hannuna kuwa bai kai ba.
"In jefa shi a sinadari in adana maka?"
Ni da na soke dubbai, na ce a'a.
Rubuta wurin, rubuta ranar, sa sunanki a ƙasa,
ki mai da shi, ki kife dutsen yadda kika same shi.

Ta ce sai da safe, ta manta safiyata ce ta kusa.

Kafin caji ya ƙare na sake buɗa hoton,
ba tsakiya ba, gefe,
inda babban yatsanta ya riƙe murfin.
Farcen a cije, kamar na mahaifiyarta.
Sanyin can ya tsage fatar wuri biyu.
Ga tabon wuƙar ɓare rake, tun tana aji uku.
Wannan kam ban nemi littafi ba.

Da asuba ruwa ya ɗauke.
Na ɗaga bulon da ke gindin randa,
wani baƙi ya fito ya shige magudana
tun ban ƙirga komai ba.